Fuskar Zuwaira a Teburin Kanawa

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. A bakin masallaci tambaya, a kasuwar Dogo-Dogo tambaya: Habu, me ya kai ka, me ka gani, wai da gaske mace ta gyara maka aiki a gaban jama'a? Na gaji da maimaitawa. Ban yi lekwal ba, wato makarantar boko, don haka na zaunar da malamin lekwal ɗin garinmu, ina faɗa yana rubutawa. Na ce masa kar ya ƙara ko kalma ɗaya tasa. Wanda ya sake tambayata, a karanta masa.

Shekara talatin ina ɗaukar hoto. Aparai ɗina na farko, na'urar ɗaukar hoton, daga Libiya na zo da shi. Hanyar ba zan yi dogon bayani a kanta ba. Mota ta mutu mana a cikin rairayi. Mu da yawa muka hau, kaɗan muka sauka. Shi ke nan.

Aikina hoton karti ne, wato katin shaida. Farin ƙyalle a bango, rana tsaka, mutum ya tsaya. Magana uku nake yi: ɗaga haɓa, rufe baki, kar ka motsa. Ba a taɓa dawo da hotona daga ofis an ce bai yi ba. Da wannan nake taƙama.

Ɗana na fari, Lawali, shekara huɗu yana Libiya, yana aiki a gidan burodi. Wani da ya je can ya gaya masa uwarsa, mai ɗakina Zuwaira, ta yi zazzaɓi da damina. Ta yi, ta warke tuni. Sai ya ce a aika masa hotonta. Na tsayar da ita jikin ƙyalle, na ɗauka, aka aika ta waya. Washegari ya kira.

"Baba, me kuke ɓoye min?"

"Ba abin da ake ɓoyewa."

"To idanunta fa? Sun faɗa ciki. Kamar yau aka fito da ita daga likita. A ba ni ita."

Na miƙa mata salula. Ta riƙe ta nesa da kunne, ta ce, "Lafiya lau," ta miƙo min. Ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi, haka muka taso. Shi kuma ya ɗauka ƙarfin magana ne ba ta da shi. Rezo, wato sabis ɗin waya, a garinmu sai an hau tudu yake ƙarfi, kuma murya da hoto kawai ke wucewa, bidiyo ba ya tafiya.

Na sake wani, ta sa sabuwar atamfa. Ya ce wannan ya fi muni, kamar an shirya ta don bankwana. Na ajiye girman kai na kira surukar maƙwabcina ta ɗauka da salularta. Tana ɗaga hannu Zuwaira ta miƙe tsaye, ta ɗaga haɓa, ta ƙame kamar soja. Duk garinmu haka suke yi, har jarirai. Ni na koya musu.

Lawali ya ce, "In watan nan ya mutu ban ga abin da ya kwantar min da hankali ba, zan hau mota in zo."

Saura kwana goma sha biyu. Na san hanyar da zai biyo. Na zuba hotuna a ambulan, nata uku da na wasu mutanen gari, na ce bari in je Magariya wurin Sanusi. Sanusi a hannuna ya koyi riƙe aparai, yanzu yana da shagon hoto nasa, ya fi ni sanin kayan zamani.

Kabu-kabu na hau zuwa Dungas. Mai babur ɗin ya ce ya san hanya kamar tafin hannunsa. Ba mu yi nisa ba ya kai mu cikin yashi, muka kwanta mu biyu a hankali, kamar an sauke buhu. Ba wanda ya ji ciwo. Ambulan ce ta buɗe, hotuna suka watse. Wani dattijo mai amalanken jaki ya tsaya ya taya ni tsincewa. Yana ɗauka yana dubawa, yana girgiza kai.

"Allah ya jiƙansu," in ji shi. "Duk 'yan uwanka ne?"

"Suna da rai. Wancan ma jiya ya sayar min da wake."

"To, Allah ya ba su lafiya."

Mai babur ya yi dariya har ya kasa tayar da injin. Ni ban yi ba.

Daga Dungas motar kasuwa na samu. Mu a ciki, awaki a sama, buhunan gyaɗa a ƙarƙashin ƙafa, gwiwata tana gaisawa da haɓata har Magariya. Wata hajiya mai sayar da tabarmi tana gefena. Na nuna mata hoton Zuwaira, na ce ta faɗa min gaskiya. Ta duba, ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau," ta miƙo min da sauri kamar ya ƙona mata yatsa. Wannan maganar shekara talatin nake jin ta. A motar nan na fara tunanin abin da ban taɓa tunawa ba: na shiga gidaje da yawa a garinmu, ban taɓa ganin hotona rataye a bango ba.

Sanusi ya karɓe ni da dambu da shayi. Na jera masa hotunan a kan tebur, na gaya masa maganar Lawali. Ya duba su ya daɗe. Ya sosa kai. Ya ƙara min shayi.

"Faɗi," na ce.

"Baba Habu, ni bakina ba zai iya ba. Kai ka koya min."

"To me amfaninka?"

"Amfanina in kai ka inda za a faɗa. Akwai masu hoto a Kano, duk wata suna haɗuwa ranar Asabar. Kowa ya ajiye aikinsa a tebur, a gaya masa gaskiya. Ba ruwansu da furfura. Jibi ne."

Na ce ni da na sha ruwan injin mota na rayu, maganar Bakano ba za ta kashe ni ba. A shagonsa na kwana. Da safe muka kama hanyar Tinkim.

A iyaka ba a wahalar da mu ba. Ma'aikacin da ya karɓi kartina ya duba hoton, ya dube ni, ya sake duba hoton.

"Baba, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ni na saita, aka danna min."

"Wallahi da a bango na gan shi, da na ce nemanka ake yi." Ya miƙo min yana murmushi. "A sauka lafiya."

Sanusi ya juya baya yana tari. Na san ba tari ba ne.

Daga Babban Mutum muka sami mota zuwa Kano. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya, yana cin rake da ɗayan, yana kuma rigima da wani a waya. Na yi addu'ar da ban yi ba tun Sahara.

Kano ba zan kwatanta muku ba, hayaniya ce da aka yi wa bango. Abin da na lura da shi kaɗan ne. Gaisuwarsu gajera ce. Kafin in tambayi mutum gida da gajiya da dabbobi, ya riga ya tsallaka titi. Keken nan mai ƙafa uku da suke hawa, ban san yadda yake shiga inda akuya ba za ta shiga ba. Aparai kuma kyamara suke ce masa. Sai shayi. Mu namu a ƙaramar buta yake dahuwa a kan gawayi, a sha sau uku, ana hira. Su nasu a kofi ne kamar bokiti, fari fat da madara, a haɗa maka da burodi, ka sha a tsaye ka ba wani wuri. Na ce wa mai shayin wannan kunu ne. Ya ce, "Baba daga Nijar ko?" Gurasarsu dai ban da abin cewa. Na ci uku, da ƙuli da yaji.

Abokin Sanusi ya sauke mu a shagonsa na hoto. An shimfiɗa min tabarma a gindin wani ƙyalle da aka zana gidan sama da jirgi da furanni, wanda mutane ke tsayawa a gabansa. Na farka da asuba na ga jirgi a kaina, sai da na yi salati.

Taron a wani ɗaki ne mai faɗi, mutum kamar goma sha biyar, tebur a tsakiya. Mai jagoranci mace ce, Hajiya Binta, mai ɗaukar hoton biki. Za ta yi arba'in da ɗori. Ba ta ɗaga murya, amma in ta ɗaga yatsa kowa shiru. Ta gaya mana doka saboda baƙi.

"Mai hoto ba ya magana sai kowa ya gama. Mai magana ya fara da abin da ya tsaya daidai, sannan abu ɗaya da za a gyara, sannan yadda za a gyara shi. Hoto muke dubawa, ba mai shi ba."

Na ji, amma ban riƙe ba.

Wani saurayi mai suna Nazifi ya fara ajiye nasa. Hoton wani tsoho ne mai sayar da goro. Fuskar sumul, ba tamoji, ba komai, tana ƙyalli. An bi ta da na'ura an goge. Mutum biyu suka yi magana a kan haske. Hajiya ta ce, "Baƙonmu, me ka gani?"

Na ce, "Wannan ba mutum ba ne. Bayan ƙwarya ne."

Nazifi ya sunkuyar da kai. Sanusi ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Hajiya ta ce, "Baba, idonka ya ga wani abu, na yarda. Amma me ka ba shi da zai tafi da shi gida? Sake."

Ba a taɓa ce min sake ba tun ina yaro. Na ɗauki hoton na duba da kyau. Sai da na nema kafin na sami abin yabo, amma akwai shi.

"Hasken ya zauna a gefen fuska daidai," na ce. "Hannunsa da goron ma sun fito. Amma tsohon nan yana da zane a kumatu. Ga inuwarsa nan, ka goge. Zanen gidansu ne. In 'ya'yansa suka ga wannan, ba za su ce ubansu ba ne. Ka goge ƙurji in kana so. Ka bar masa zanensa da shekarunsa."

Nazifi ya ɗago. Ya duba hoton ya daɗe. Ya ce, "Wallahi ban ɗauka zane ba ne, na ɗauka tabo ne. Na gode, Baba." Ya rubuta a takarda. Maganar ɗaya ce da ta farko. Ta farkon ta sa ya sunkuya, ta biyun ta sa ya ɗauki alƙalami.

Sai aka zo kaina. Na jera hotunan Zuwaira uku. Na kama bakina. Wannan ya fi tafiyar duka wuya.

Nazifi ya fara. Na ce yau zai rama. Sai ya ce, "Hannun Baba ba ya rawa. Ku duba zaren kallabin, ɗaya-ɗaya ake gani. Ni ban kai nan ba. Abin gyara, rana. Tana bisa kai, ta sa idanun cikin rami. A kai ta inuwa, bakin ƙofa, haske ya shigo ta gefe."

Wani mai gilashi ya ce fuskar ta zauna a tsakiya daidai, amma farin ƙyallen ya sa wurin kamar ɗakin asibiti, a bar bangon ƙasa ya fito. Wata yarinya ta ce launin atamfar ya fito yadda yake, amma ina tsaye ne na ɗauka, na fi ta tsawo, sai ta zama ƙarama kamar mai laifi, in durƙusa ido ya yi daidai da ido. Kowa ya faɗi abu ɗaya. Sau uku bakina ya buɗe zan ce ofis ba su taɓa dawo min da hoto ba. Sau uku Hajiya ta ɗaga yatsa.

Da suka gama ta ce, "Yanzu kai. Wace ce?"

"Mai ɗakina."

"Me ka ce mata kafin ka danna?"

"Ɗaga haɓa, rufe baki, kar ki motsa."

Suka fashe da dariya. Ba ta wulaƙanci ba ce, na san bambancin. Hajiya ta bari suka gama.

"Wa zai ga hoton, Baba? Ofis?"

Nan na gaya musu maganar Lawali, da watan da ke shirin mutuwa, da hanyar. Ban tsawaita ba. Dariya ta ɗauke.

Ta ce, "To ofis so yake ya gane ta. Ɗanta so yake ya gan ta. Ka gaya min, yaushe ka ga matar nan ta fi kyau?"

A garinmu ba a yi wa namiji wannan tambayar. Na duba ƙasa. Sanusi ya duba rufi. Ita kuma tana jira, ba ta da niyyar wucewa.

Na ce, "Da hantsi. In tana tankaɗe a bakin ɗaki, taubashiyarta Hanne ta zo tana tsokanarta."

"Can hotonka yake. Ka je ka zauna ka jira shi. Kar ka ce mata komai."

Kafin a tashi suka ce sai na ɗanɗana. Suka zaunar da ni a kujera bakin ƙofa. Na ɗaga haɓa na ƙame, ni ma ashe na koya wa kaina. Nazifi ya riƙe kyamara a cinya kamar ya manta da ita, ya ce, "Baba, an ce ka zagi shayinmu." Na ce ba zagi ba ne, gaskiya ce, na fara yi masa bayanin yadda ake dafa shayin mutane. Ban ji lokacin da ya danna ba. Aka wanke min shi a take. Wani dattijo na gani, hannu a sama, yana rigima, yana jin daɗin rigimar. Na ce, "Haka nake?" Sanusi ya ce, "Kullum."

Washegari muka juyo. A iyaka ma'aikacin nan ne dai. Na miƙa masa karti, na ɗora sabon hoton a kai. Ya duba ya ce, "Yauwa! Wannan a ba shi aron kujera ya zauna. Wancan kuwa a kira jandarma." Na bar Sanusi a Magariya. Daga Dungas amalanke na bi, na gama da kabu-kabu. Na iso gida saura kwana takwas.

Ga kuskuren da na yi, ku ji shi daga bakina kafin ku ji a wani wuri. Da hantsi na zaunar da Zuwaira a bakin ɗaki, inuwa ta yi, bango ya yi, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Sai na daka mata tsawa: "Yi dariya!" Ta buɗe haƙora, idanu a zare. Na duba abin da na ɗauka. Da na aika wannan, da Lawali bai jira mutuwar wata ba.

Na goge. Na tuna an ce kar in ce komai.

Washegari na je gidan Hanne da kaina, na gaya mata abin da nake so. Ta ce, "Kai Habu, yau kai ne da roƙo? Wallahi ko kyauta zan yi." Na dawo na zauna a ƙasa nesa kaɗan, aparai a cinya, ina goge shi da tsumma kamar ya lalace. Zuwaira ta fito da faifai da rariya ta zauna tankaɗe. Ta dube ni sau biyu, ta ga ba ita nake kallo ba, ta manta da ni.

Hanne ta shigo ba sallamar kirki.

"Ke baiwata, har yanzu ba ki gama garin ba? Tsufa ya zo."

"Wa ye bawan wani? Kakanki namu ya riƙe wa jaki."

"To ji. Wai ke uwar wa ma ake ce miki? Na manta sunan. Faɗa min in ba ki goro."

"Hanne, ki fita min daga gida."

"La... La me? Lawali! Lawali na Zuwaira! Lawali mai burodi!"

Zuwaira ta ɗebi dusa ta watsa mata, ta ja gefen mayafi za ta rufe baki, dariya ta riga ta. Wushiryarta ta fito, idanun suka cika da haske, gari a goshinta. Na danna. Sau ɗaya. Hannuna dai ba ya rawa, Kanawa ma sun shaida.

Na hau tudu da rana na aika. Na zauna a gindin aduwa ina jira. Ba a daɗe ba salula ta yi ƙara. Dariya na fara ji.

"Baba! Inna har ƙiba ta yi! Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni."

"Kai?"

"Ni na ce."

"Me aka ce mata take dariya haka?"

"Gwaggonka Hanne ce ta kama sunanka."

Na ɗauka rezo ne ya tafi. Sai na ji yana jan hanci.

"To na zauna, Baba. Sai na sami hutu, in zo ta hanyar kirki."

Na ce Allah ya kai mu. Na kashe. Na daɗe a gindin aduwar kafin na sauko.

Masu tambaya ko na bar hoton karti, ban bari ba. Ofis haka yake so, haka zan yi masa. Amma na sauke ƙyallen daga bango, sai an zo karti nake rataya shi. Tsofaffin hotunan Zuwaira kuma na gano inda suke: ƙasan kwalla, ƙarƙashin tsummoki, a kife.

Da na sauko daga tudu ranar, na same ta tana kwashe gari. Na miƙa mata aparai ta ga hoton. Na ce a Kano doka ce, mai hoto ya yi shiru a gaya masa gaskiya, don haka ta faɗi. Ta goge hannu a zane, ta riƙe shi da hannu biyu, ta duba ta daɗe. Ba ta ce masha Allah ba.

Ta ce, "Yaron nan ya gani?"

"Ya gani. Ba zai hau motar ba."

Ta miƙo min, ta koma kan garinta, ta ba ni baya.

"Hasken ya yi," in ji ta. "Kallabin ne ya karkace. Gobe ka kira Hanne, ka sake wani ka aika masa."